Yadda na yi wa geron uwar mijina talla

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin labaran da 'yan'uwa ke aiko wa wannan fili, wani in yi dariya, wani in share hawaye. Yau dai na ce bari ni ma in kwance nawa ƙullin, tunda manyan da abin ya shafa duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba zan kama sunan kowa ba, don kama suna ne ya jefa ni cikin abin da zan ba ku labari.

A lokacin ni amarya ce, 'yar Kalgo, an kawo ni Gwandu tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanka mana tamu. Mahaifina mai shago ne a bakin titi, daidai inda motoci ke tsayawa fasinjoji su sha ruwa. Cikin sabulu da ashana da sukari na buɗe ido, tun ban kai tsawon teburinsa ba nake miƙa wa mutane kaya. Babana yana da karatu guda da yake biya mana safe da yamma, wai kayan da ke ƙarƙashin tebur ba ya sayar da kansa. Kuma na ga gaskiyarsa da idona. Duk abin da ya rataya a gaban shago, kafin kasuwa ta zagayo ya ƙare, wanda ya manta a lungu kuwa sai ɓera ya riga mai saye ganinsa. Shekarar da ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti, har direbobin da ba su taɓa tsayawa ba suka fara taka birki a ƙofarsa. Cikinsu har da wanda ya zama mijina, ko da yake shi ya sha rantse mini cewa ba allon ya gani ba. To, da wannan na shigo gidan miji, kaina a kumbure, ina ganin in dai saye da sayarwa ne babu mai koya mini a garin nan. Ga ni da baki, ga gaggawa, ga shi ba na tambaya.

Uwar mijina, wadda kowa ke ce wa Inna, gajeruwar tsohuwa ce mai jajayen haƙora saboda goro, dariyarta tana riga ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin abin da wasu mata ke ji game da uwar miji ba. Ranar da na ƙona tuwo ita ta ce wa ɗanta iccen ne ɗanye, ya yi ta hayaƙi. Ita ta koya mini dama fura irin ta Gwandu, tana yi tana tsokanata da 'yar bakin titi, wai mu mutanen Kalgo ko sallama za mu yi sai mun ɗaga murya kamar muna kiran fasinja. Ni kuma in ce mata su mutanen Gwandu ko yunwa suke ji sai sun yi alwala kafin su faɗa. Mu yi dariya. Ban san na faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfina ba.

Sana'ar Inna hatsi ce. Da kaka take sayen gero ta tara a ɗakin ƙurya, idan damina ta yi nisa, rumbuna suka yi sauƙi, sai ta riƙa aunarwa a cikin gida. Amma yadda take yin abin ya riƙa ba ni haushi. Mace za ta shigo bayan la'asar da ƙwarya a rufe da faifai, ta ce ta zo gaisuwa ko ta kawo wa Inna 'yar kuka. A shimfiɗa mata tabarma, a tambayi maigida, a tambayi yara, a yi zancen ciwon ƙafa, a yi zancen tunkiyar da ta ɓata. Sai can Inna ta tashi ta ce zo ki ga wani zane da aka kawo mini, su shiga ƙurya. In sun fito ƙwaryar ta yi nauyi, an ɗora 'yar rama a samanta, an mayar da faifai. Ni ina gefe ina cizon yatsa, ina cewa a raina cinikin da za a gama kafin a ƙifta ido an ɓata masa yamma guda. Na taɓa gaya mata a Kalgo ba a haka. Ta ce ai shi ya sa ake ce masa Kalgo, ta ci gaba da taunar goronta.

Cikin masu zuwa akwai aminiyarta tun ta ƙuruciya, wadda muke ce wa Gwaggo. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tafiyarta kaɗai ta isa ta sa ka gyara zama. Mijinta babban manomi ne da a da ake kwatance da shi, rumbunansa a jere suke, daga kan hanya ana hango hulunansu. Idan ta zo, ita da Inna sukan raba goro ɗaya, su zauna kafaɗa da kafaɗa har a kira magariba. Kuma ita ma da ƙwaryarta take zuwa. Na taɓa jin tana cewa geron Inna ya fi nasu daɗin fura, shi ya sa take ɗan karɓa don ta sauya baki. Na riƙe wannan magana kamar an ba ni ajiya.

A wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero da yawa ya bushe a tsaye. Daminar da ta biyo baya ta zo wa mutane da nauyi. Ana cikin haka ƙanwar mijina ta haihu a Masama, haihuwar fari, Inna ta haɗa kayanta za ta je ta zauna mata wankan jego. Ta damƙa mini ɗakin ƙurya da kwanon awo, ta ce duk wadda ta zo in yi mata yadda na ga ana yi. Na ce to. Amma tun kafin motarsu ta ɓace na riga na gama shawara da zuciyata. Na ce duk kayan da aka nuna ya fi wanda aka ɓoye fita. Gero kaya ne. Ashe ke nan idan aka nuna gero zai fi fita. Na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga inda take yoyo ba, har ina jin daɗin yadda Inna za ta dawo ta tarar 'yar bakin titi ta cika mata hannu.

Na tasa mijina gaba sai ya sa mai fentin Kalgo ya rubuta mini allo. Ya yi dariya, ya ce Inna ba ta taɓa yin haka ba, ni kuwa na ce ai Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba, wannan bai hana jirgi tashi ba. Mutum ne da ba ya iya ce mini a'a, Allah ya jiƙansa. Ya kawo allon a saman motarsa, an rubuta ana sayar da hatsi a nan, har da zanen zangarniyar gero da ta fi kama da tsintsiya. Aka kafa shi a ƙofar gida, na sa aka fito da buhu biyu aka jingine a zaure inda kowa zai gani. Ranar kasuwa kuwa sai ga baƙi. Fulanin da suka kawo nono, da mutanen ƙauye da suka rasa a kasuwa, kowa ya yi sallama daga zaure in auna in miƙa masa. Na ce ga shi nan, ido ba ya ƙarya.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne matan unguwa sun fara janyewa. Wadda ke zuwa kullum ta koma sai jefi-jefi, wata ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Da allon nan a ƙofa, duk macen da aka gani ta shiga gidanmu da ƙwarya an san abin da ya kawo ta, kuma an san abin da ya ƙare a gidan mijinta. Ni wannan bai faɗo mini ba ko a mafarki. Abin da na ce shi ne, wanda bai zo saye ba, ko dai bai ji labari ba, ko kuma bai yarda da kyan kaya ba. Allo ya ba da labari. Saura ke nan a tabbatar musu da kyau. A shagon babana rediyo ba ya mutuwa, na kuma sha jin yadda ake tallar sabulu, a kawo wata babbar mace ta ce ita da shi take wanki, sai ka ga mata sun zo suna nemansa. Na ce mutane abin da manya ke yi suke bi. Babbar macen unguwarmu Gwaggo ce. Ita kuwa har lokacin tana zuwa, sai dai ta daina bin zaure, ta koma shigowa ta ƙofar baya wajen turken awaki, ta ce wai ta nan ya fi mata kusa. Na sake yin nawa lissafin: matar da ke da rumbuna a jere ba za ta sayi geron wani ba sai in ya fi nata kyau. Gwaggo tana sayen namu. Ashe namu ya fi na kowa. Ban taɓa kawo wa raina cewa rumbu yana iya tsayawa da hularsa alhali cikinsa babu komai ba.

Ana nan aka yi suna a maƙwabta, gidan ya cika da mata, an ɗauko zabiya tana wasa kowa da kowa. Na ja ta gefe na ba ta ɗan kwali sabo da sabulu mai ƙanshi, na gaya mata abin da nake so ta saka. Ita kuwa sana'arta ke nan. Ta tashi tsakar gida ta yabi geron Inna, ta ce fari ne tas, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, sannan ta juya ta nuna Gwaggo da hannu, ta kama sunan mijinta, ta ce gidan da ake kwatance da rumbunansa ma a can suke awo, wa ya rage? Ina tsaye ina murmushi, ina jiran in ji guɗa. Ba a yi guɗa ba. Masu kiɗan ƙwarya suka sassauta hannu, wata ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da babu abin da ya same shi. Gwaggo ce kaɗai ta yi dariya. Ta kwance bakin zanenta ta yi wa zabiya kyauta, ta zauna har aka watse, ta yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, ta fita a miƙe. Magana zarar bunu ce. Kafin washegari labari ya kai majalisar maza, aka ce mijinta ya daina zama a gindin bishiyar da ya saba, daga masallaci sai gida. Daga ranar Gwaggo ba ta sake shigowa ba, ko ta gaba ko ta baya.

Ni fa har a lokacin ban gane ba. Na ɗauka ta ji haushi ne don ban nemi izininta ba. Sai da Inna ta dawo. Labari ya riga ya same ta a Masama, amma ba ta shigo da faɗa ba. Ta tsaya a gaban allon ta daɗe tana kallo, ta tambayi ɗanta ko wannan tsintsiya ce ake sayarwa. Ta sa ya cire shi, aka rufe akurkin kaji da shi. Da ta huta ta kira ni ɗaki, ta ba ni ɓarin goro duk da ta san ba na ci. Ta tambaye ni yaushe rabon da in ji sautin turmi daga gidan Gwaggo da safe. Na ce ban lura ba. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin kaji sun taru a gindin rumbunan can a bana, don rumbun da ake buɗewa kaji ba sa barin gindinsa. Nan ma na ce ban lura ba. Sai ta ce, "Ɗiyata, hatsi ko'ina akwai shi. Abin da suka zowa nema wurina, shi na kinka ɗauka kinka rataye bakin garka." Rufin asirinsu take nufi, shi na rataye a ƙofar gida. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ita ta riƙa lallashina, tana cewa laifinta ne da ba ta buɗe mini baki ta faɗa ba, ta ɗauka abin da ido ya gani ya isa.

Na ce zan je in ba Gwaggo haƙuri. Inna ta ce kada in je, don ba da haƙuri ma sake faɗar maganar ne. Ban ji ba. A ganina wanda ya yi laifi ya nemi gafara, shi ke nan an wuce wurin. Na yafa mayafi na tafi. Gwaggo ta tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Tsakar gidan a share tas, murhu kuwa babu ko ɗumi, a gefe ga tukunyar ganyen tafasa da aka dafa wa jikokinta. Na durƙusa na fara magana, ta tare ni, ta ce ita ba ta san abin da nake nufi ba, ai zabiya ba a riƙe maganarta, su kuwa alhamdu lillahi. Don ta tabbatar mini, ta shiga ɗaki. Ina jin ƙarar yadda take kankare gindin tukunya. Ta fito da ƙwarya da gero a ciki ta ɗora mini a hannu, ta ce, "Kai ma Innarki, ta ɗanɗana namu ita ma." Na so ƙasa ta tsage in shige. In na ƙi karɓa na ƙaryata ta a gaban jikokinta, in na karɓa na ɗauke musu abincin dare. Na karɓa, na yi godiya, na fito.

Na kai wa Inna ƙwaryar geron. Na ce mu mayar, mu ƙara da buhu. Ta ce mayar da kyauta zagi ne na biyu. Ta sa na surfa shi na daka, muka yi tuwo, ta ce sai mun cinye, don gobe in an tambaye mu mu ce ya yi daɗi ba tare da mun yi ƙarya ba. Haka muka cinye shi. Bayan kwana biyu Inna ta yi dabara. Ta aika wa Gwaggo cewa gara ta shiga ɗakin ƙurya, tana roƙon a ajiye mata buhu biyu a can, kuma duk abin da aka ga zai lalace a yi amfani da shi kada ya tafi a banza. Gwaggo ta karɓi ajiya. Muka ɗan samu natsuwa, har Inna ta koma tsokanata, tana kirana sarauniyar talla. Da kaka ta yi, sabon gero ya shigo, sai ga jaki a ƙofar gida ɗauke da buhunan nan biyu. Ɗinkin da Inna ta yi wa bakinsu da hannunta yana nan yadda yake, ko zare ɗaya ba a warware ba. Daga baya muka ji cewa duk daminar nan mijin Gwaggo sai ya taka har Malisa, inda ba a san fuskarsa sosai ba, yake auno ɗan abin da ya samu. Ranar ce kaɗai na ga Inna ta yi kuka.

Zumuncinsu bai mutu ba, don irin su ba sa yarda a ga ɓaraka. Da na haifi ɗana na fari Gwaggo ce ta fara zuwa, ita ta yi masa wankan farko, tana ce masa mijina ya iso. Har ta bar duniya ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Amma ba ta sake shigowa gidanmu da ƙwarya ba, zaman la'asar ɗin nan na kafaɗa da kafaɗa kuma ya zama gaisuwar tsaye. Matan unguwa sun dawo a hankali, ita ce ba ta dawo ba. Inna kuwa ba ta taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan a ce ta zage ni.

Yau ni ma tsohuwa ce, na yi sana'a iri-iri, na kuma ga ranar talla, ba zan ce ba ta da amfani ba. Abin da nake so 'yan'uwa su ɗauka shi ne, magana tana iya jeruwa tsaf, kowace gaɓa ta kama 'yar'uwarta, alhali tubalin farko a karkace yake. Sabulu kaya ne, gero ma kaya ne, amma babu wanda ke jin kunyar a gan shi ya sayi sabulu. Na ga mace tana saye, na yanke wa kaina dalilinta ban tambayi kowa ba. Na ga baƙi sun ƙaru na ce na yi nasara, ban juya na duba waɗanda suka daina zuwa ba. Don haka duk mai sana'a, kafin ka ce tunda kaza ya yi a can zai yi a nan, tsaya ka san abin da mai sayenka yake zuwa nema a wurinka. In ka tarar da tsari a gidan mutane ka ga kamar ɓata lokaci ne, tambayi dalilinsa kafin ka rushe. Kuma kada ka taɓa ɗaukar sunan wanda ya amince da kai ka yi talla da shi bai sani ba. Ni geron da na fitar zaure ya ƙare tas a waccan damina, ko ƙwaya ban yi kwantai ba. Jikokin Gwaggo kuwa tafasa suka ci har kaka, da buhu biyu a ɗakinsu, kuma ni ce na ɗinke musu bakinsu da tallata. Wanda ya karanta wannan ya sa Inna da Gwaggo a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.